Ajin Malam Hadi a Maruta

Ranar da Malam Abdulsalami ya dawo daga Maruta yana murmushi, Turai ta san akwai magana, domin mahaifinta ba ya cikin masu ɓarnar murmushi. Tana ɗaki tana duba littattafan 'yan ajinta ta ji tsayuwar Landirobar ofishin ilimi a ƙofar gida. Jim kaɗan ya shigo, ya zauna kan buzunsa, ya ce a kira masa ita da uwarta.

"A'i, na ga yaron," in ji shi.

"Wane yaro, Malam?"

"Yaron nan na Gwaram, ɗan gidan Datti. Ashe ya dawo tuni, ya kama ajinsa shiru, kunya ta hana shi aiko mana. Na gan shi da idona, alli a hannunsa, yara sun yi tsit. Na yi masa gaggawar hukunci a da, Allah ya yafe mini. Na ba shi Turai. An shafa Fatiha a gaban hedimasta da mai unguwa da sufeton da ya kai ni."

Inna A'i ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa, ta tuna gidan malamai take, ta haɗiye abarta.

Turai kuwa gabanta ne ya faɗi. Hadi, wanda ta shekara uku tana kuka a kansa, yana Jidda. Sai mako mai zuwa zai sauka a Kano. Ita ta fi kowa sani, don kwanakin ma a yatsunta suke.

A makarantar da take koyarwa a nan Birnin Kudu suka haɗu, lokacin da aka turo shi koyarwar gwaji. Manyansa sun zo neman aure, an karɓe su da mutunci, sai ga shi ya samu aiki a wata makaranta ta 'ya'yan ma'aikata a Jidda, ya tattara ya tafi. Nan Malam Abdulsalami ya murtuke. Ya ce shi ba ya ba ɗan tafiya 'yarsa. Da aka yi ta ba shi baki, sai ya gindaya sharaɗi guda: in sunan yaron yana nan daram a rajistar malamai, yana da ajin da zai dawo masa, to, a zo a yi magana. In suna ya fita, magana ta fita.

Abin ba wuya a takarda. Malamin da ya tafi aiki waje, kowace shekara sai a kai shaidar makarantar da yake can zuwa ofishin ilimi a buga mata hatimi, sunansa ya zauna. Hadi ya rantse mata yana aikowa, mahaifinsa ne ke kaiwa.

"Baba," ta ce a hankali, "ka tabbata shi ka gani?"

"Ciwon ido kika ji ina yi? Na tambaya, yara suka amsa baki ɗaya. Dogo ne, baƙi, da ɗan tabo a gira."

Hadi fari ne, ba shi da tsawo, girarsa kuwa lafiya lau.

Kada mai karatu ya yi mamakin yadda uba zai rasa sanin fuskar mai neman 'yarsa. Hadi yaro ne mai tarbiyya. Tun da ya fara zuwa gidan, in ya hango Malam daga nesa sai ya sake hanya, in kuwa hanya ta ƙure, ya durƙusa ya juya fuska bango har a wuce. Kunyar suruki ce, kowa yana yaba masa. Ga inda yabon ya kawo su.

"Ni ba suna na ba wa ba," Malam ya ƙara da cewa, yana gyara zaman rawaninsa. "Mutumin da na gani na ba wa, da hannuna na nuna shi. Kafin azumi za a ɗaura."

Turai ta koma ɗaki ta kifa kai a kan littattafan yara. Ta kasa kuka ma, takaici ya tare hanyar hawayen. Gaya wa Baba gaskiya ba zai yiwu ba. Shi mutum ne da ƙarya ba ta kwana a bakinsa, ko tasa ko ta wani, washegari zai taka har ofis ya faɗa.

Kashegari ta nemi izinin yini ɗaya, ta ce wa Inna za ta duba goggonta a Gwaram. Motar 'yan kasuwa ta hau, tsakanin buhunan gishiri da wata tsohuwa mai zabbi. Damina ta nutsa, hanya duk taɓo, sau biyu ana sauke su a tura mota. Ko da ta isa Maruta, takalminta ya zama abin tausayi, ita kuma ta cika ta yi fam.

Makarantar sabuwa ce, cikin waɗanda aka buɗe da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya yi boko kyauta. Ɗaki biyu na siminti, sai wata rumfar zana a gefe. Daga rumfar take jin murya. Ta tsaya a bayan zana ta leƙa.

Ga shi nan, dogo, baƙi, da tabo a gira.

Ta zo ne da niyyar ta wanke shi tas a gaban kowa. Amma malama ce, ido kuwa ba ya barin sana'arsa. Ta ga ya zaunar da wata yarinya mai nauyin kunne dab da allo, yana juyo mata da fuska duk sanda zai yi magana. Ta ga ya jera yaran ta yadda yoyon rumfar ba ya taɓa littafin kowa. Ya kira wani da ya makara, bai ɗaga masa bulala ba, ya tambaye shi jikin kakarsa. Karatun kuma yana tafiya, har na can baya suna bi. Wannan ya ƙara mata haushi. Da ma a ce shashasha ne, da abin ya zo mata da sauƙi.

Da aka kaɗa ƙarfen tara ya fito yana karkaɗe alli, ya gan ta, ya tsaya cak.

"Kai ne Malam Hadi?" ta ce.

Ya sunkuyar da kai. "Haka suke kirana a nan, Malama."

"Na ji yadda suke kiranka. Sunanka nake tambaya."

"Iliyasu. A gida Ɗan'auta. Ni ke bin Yaya Hadi." Ya ɗago kai. "Na san ke ce. Akwai hotonki a kayan da ya bari."

"To, Ɗan'auta, tunda ka san ni, sai ka gaya mini wane mai hankali ne ya shirya wannan."

"Baba ne."

"Takardun da yayanka ke aikowa fa?"

"Suna cikin adakar Baba. Ya naɗe su a tsumma, ya sa musu turare kada gara ta ci."

Turai ta dafa ginshiƙin rumfa. "Ba a kai ko ɗaya ofis ba?"

"Baba ya ce shi bai taɓa ganin inda takarda ta riƙe wa mutum wuri ba. Ya ce in mai gona ya yi tafiya aka bar ta saura, ba a jimawa dagaci zai ba wani. Amma in ɗan'uwa ya shiga ya sa fartanya, ba mai taɓa ta har mai ita ya dawo. Ya ce aji ma haka ne. Na ɗan taɓa kwalejin malamai kafin ciwon Baba ya dawo da ni gona, shi ya sa ya ce in zo. Hedimasta ba shi da malamai, ga yara sun yi masa yawa, ni kuma ba albashi nake ɗauka ba. Sai ya kau da kai."

"Garin nan duka sun sani?"

"Duka. Ba mai gaya wa baƙo."

Abin haushin shi ne, dabarar tsohon ta yi aiki. Duk sufeton da ya zo sai ya tarar da Malam Hadi a aji, ya rubuta yabo, ya tafi. Sunan yana nan a rajista, har ya fi na wasu haske. Sai dai a kan ƙarya yake zaune, ranar da ta fashe kuwa ba takarda mai hatimi ko guda da za ta tare shi.

"Da babana ya tambaye ka, ba ka da baki ne? Sai ka ce ba kai ba ne."

"Malama, sufeto yana tsaye da biro a hannu. In na ce ba ni ba ne, a ranar sunan Yaya zai fita, aurenku ya fita tare da shi. Na ce bari in yi shiru, tsoho ya gani ya tafi. Wallahi ban zaci abin da zai faɗa ke nan ba. Sai ji na yi an ce a shafa."

"Ka shafa?"

"Kowa ya shafa, Malama."

Da ba ita abin ya faɗa wa ba, da ta yi dariya har ta zauna. Maimakon haka hawaye ne suka zubo mata, na baƙin ciki, masu zafi. Ɗan'auta ya rasa inda zai sa kansa. Ya ɗauko mata benci, ya goge da hannun rigarsa.

"Ki yi haƙuri. Yaya na dawowa zan miƙa masa komai, ajin da sunan da maganar. Ni riƙo na yi."

"Kai kuma sai ka koma ina?"

"Gona." Ya dubi yaran da ke guje-guje a fili. "Yarinyar can mai nauyin kunne, Mero, ta fara haɗa baƙi bana. A gaya masa kada ya mayar da ita baya." Ya ɗan murmusa. "Shekara biyu ba wanda ya kira ni Iliyasu. Har innata wani lokaci sai ta manta. Yau da kika tambaya sai da na yi tunani."

Turai ta miƙe. Ta gyara mayafinta ta kama hanyar tasha, maganar tana bin ta har cikin mota.

Sufeton da ake magana, Ɗahiru ne, ɗan birnin Kano da aka turo Birnin Kudu bara. Tun ranar da ya shiga ajin Turai dubawa ya manta abin da ya kawo shi. Ya aiko, an ce masa akwai magana a kanta. Ya bincika, ya ji mai maganar yana Jidda, alhali takardun ofis sun ce yana Maruta. Ya je Marutan ya tambayi kowa, har mai sayar da goro, kowa ya ce masa ai ga Malam Hadi can a rumfa. Shi bai san fuskar Hadi ba, sai ya yi dabarar ɗaukar wanda yake zaton ya sani. Ya ɗauki Malam Abdulsalami a motar ofis, ya kai shi har bakin aji don ya tona asiri. Wayon birni ya manta da kunyar ƙauye, ya dawo da tsoho yana sa wa abokin takararsa albarka a kujerar gaba.

Bai daddara ba. Ya tare ta a ƙofar makaranta ranar Litinin.

"Malama Turai, an ce kin je duba goggo a Gwaram. Ya jikin nata?"

"Da sauƙi."

"Madalla. Ni dai ina nan. Kullum bayan la'asar ina zauren Malam ina ɗaukar karatu. Mutum biyu ba sa zama a suna ɗaya har abada, wata rana ɗaya zai yi sallama."

"Allah ya ba da ilimi mai amfani," ta ce, ta wuce.

Ranar Alhamis Hadi ya yi sallamar.

Bayan la'asar ya zo, cikin farar jallabiya, da agogo mai walƙiya da ƙamshin da Birnin Kudu ba ta saba ji ba. Ya aika aka kira ta, ya tsaya gindin darbejiyar da ke gefen zaure, inda suka saba tsayawa. Landirobar ofis tana fake a gaban gidan.

Da ta fito ta gan shi, duk faɗan da ta tanada ya narke. Shi ne dai, har yadda yake karkata kai in zai yi murmushi. Shekara uku ta haƙura da surutun mutane, ta kori manema, ta sha harara a gidan biki, duk don wannan tsayuwar.

"Turai. Kin rame."

"Dole in rame. Ka biya Gwaram?"

Fuskarsa ta canza. "Na kwana can. Na ji komai. Wallahi da na buɗe adakar nan na ga takarduna suna ƙamshin turare, sai da na fita bayan gida na zauna. Baba kuma jira yake in yi masa godiya."

"To, alhamdu lillahi ka zo. Baba yana zaure. Ka shiga ka gaya masa kai ne."

Ya dubi motar. "Da wancan a ciki?"

"Da shi a ciki. Kullum yana ciki."

"Turai, ki tsaya ki ji. In na buɗe baki yau, gobe an soke sunana. Ba nan kaɗai ba, makarantar Jidda ma ba za su sabunta mini aiki ba sai na kai musu takardar malanta mai rai. In rasa can, in rasa nan. Baban naki ma ai cewa ya yi in suna ya fita magana ta fita."

"Ya faɗa. Amma mutum ne mai son gaskiya. In ka durƙusa ka faɗa masa da bakinka, zai yi fushi, zai yi faɗa, wataƙila ya shekara bai dube ka ba. Ni zan jira. Takarda kuma a sake zama jarrabawa, ba kai ne farau ba. Ina da tawa, za ta riƙe mu kafin nan."

"In zauna mace na ciyar da ni?"

"Ƙanenka ya shekara biyu a rumfa mai yoyo ba ko sisi, bai mutu ba."

Wannan ta shige shi. Ya juyar da kai, ya yi ta murza agogonsa.

"Bayan Sallah ofis ke sabunta takardu," ya ce can. "Da an buga hatimi shi ke nan, sai a san yadda za a lallaɓa Malam a hankali."

"Kafin azumi za a ɗaura aure. Ko ba su gaya maka ba?"

"Sun gaya mini. Mun yi shawara da Baba." Ya rage murya. "Ai waliyyai ke ɗaura aure, ba ango ba. Sunana za a kira. Ɗan'auta ya sa babbar riga ya zauna a gani, a watse. Ba za ki tare ba sai bayan Sallah."

Turai ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Baba zai nuna shi da hannu ya ce wannan na ba. A wurin Allah matar wa zan zama?"

"Suna nawa ne, Turai. Niyya tawa ce. Wata biyu ne kawai, shi zai ɗan riƙe..."

Ya tsaya.

"Ƙarasa mana," ta ce, hawaye na gangaro mata har haɓa. "Zai riƙe maka ni. An riƙe maka gona, an riƙe maka aji, yanzu saura mata. Kai kana can kana shan iskar teku, kowa a nan yana tsaye a gurbinka. Ni na zaci tsohon ne kaɗai bai gane ba. Ashe ɗan gidan Datti ne kai sosai."

"Kada ki yi mini haka. Don ke na tafi. Don in gina miki gidan da ba ya yoyo."

"Ban roƙe ka gida ba. Abu ɗaya nake roƙonka yau, ka faɗi sunanka."

"Ki ba ni lokaci."

"Na ba ka shekara uku."

Muryarta ta ɗaga ba ta sani ba. Karatun da ake yi a zaure ya tsaya. Aka ji gyaran muryar Malam Abdulsalami.

"Wane ne a ƙofa?"

Hadi ya daskare. Ta cikin asabari Turai tana hango gefen fuskar Ɗahiru, ya ajiye littafi, ya miƙa wuya. Ta juyo ta dubi Hadi. Idanunta ne ke roƙo, duk abin da ke zuciyarta yana ciki.

"Na ce wane ne?"

Hadi ya cire takalmi. Ya matsa bakin zaure ya durƙusa, wannan karon bai juya fuska bango ba.

"Ɗan'auta ne, Allah gafarta Malam," ya ce. "Ƙanen Malam Hadi. Aiko ni aka yi gaisuwa."

"Madalla, madalla. Shigo, ɗana. Yayanka mutumin kirki ne, Allah ya sa ka gado shi. Turai, ga ƙanen mijinki ya sha hanya, kawo masa ruwa."

Ɗahiru ya ƙare wa baƙon kallo, daga jallabiya har agogo, ya ja dogon numfashi, ya koma kan littafinsa. Shaida yake nema, ga shi kuma mai sunan da kansa ya hana shi.

Turai ta shiga gida. Inna A'i ta ga fuskarta ta fara tambaya, ba ta tsaya ba. Ta wanke idanunta a bakin randa, ta ɗauraye sabon kwanon sha, ta cika shi. Ta nufi zaure da shi.

Ta yi sallama a zaure, ta durƙusa, ta ajiye kwanon a gaban Hadi.

"Sannu da zuwa, Ɗan'auta," ta ce.

Ya ɗago da sauri. Ita kuwa mahaifinta ta fuskanta, kanta a ƙasa.

"Baba, ran nan da ka yi magana ban amsa maka ba. Ina so in ba da saƙo, tunda ga ɗan aike."

"Faɗi, 'yata."

Ta juyo ta dubi farar jallabiyar, ba ta kai ga fuskar ba.

"In ka koma, ka gai da Malam na Maruta. Ka ce masa wanda Baba ya gani a aji, ya nuna da hannunsa, na ce na karɓa. Ka ce masa kuma kada ya bar wa kowa ajin nan, Mero ta fara haɗa baƙi."

Malam Abdulsalami ya ɗaga hannu yana sa mata albarka. Hadi ya ɗauki kwanon da hannu biyu, ruwan yana zuba a kan jallabiyarsa, ya kasa kai shi baki. Ya buɗe baki zai kira sunanta, ya tuna ƙanen miji ne shi yanzu, ga sufeto yana kallo.

Turai ta tashi ta shige gida, ba ta jira kwanon ba.